Murya a Bayan Zane: Moustapha Alassane na Tawa, Masako Nozawa ta Japan da Sana'ar Ɗora Murya a Ƙasar Adar

Tsakure

Wannan takarda tana nazarin sana'ar ɗora murya a finafinan zane mai motsi, wato aikin wanda ake jin muryarsa tana fita daga bakin zane alhali ba a ganin fuskarsa. Ta ɗauki misalai biyu da ke nesa da juna: Moustapha Alassane, wanda ya ƙarasa rayuwarsa yana haɗa irin waɗannan finafinai a garin Tawa, da Masako Nozawa, ƴar ƙasar Japan da ke magana da bakin Goku, jarumin Dragon Ball, tun 1986. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, duk inda kuɗin zane ya yi ƙaranci nauyin labari kan koma kan murya, kuma ƙasar Adar, wadda Tawa ke cikinta, ba ta rasa gwanayen murya ba, abin da ta rasa shi ne tsarin da ke mayar da gwaninta sana'a mai suna da lada da wurin ajiya.

Shimfiɗa

Fim ɗin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, ya ginu ne a kan yaudarar ido, domin hotuna ne marasa motsi ake jerawa, kowanne ya ɗan saɓa da na gabansa, a riƙa haska su da sauri har ido ya kasa rabe su, ya ɗauka abu guda ne yake motsawa. Ƙa'idar silima ita ce hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, don haka fim na minti 5 kacal yana cin hoto 7,200, kuma ko da mai zane ya bar kowane zane ya tsaya tsawon hoto biyu, kamar yadda aka saba, sai ya zana 3,600 kafin ya ajiye alƙalami. Wannan lissafi ne ya sa ƙasashe masu hali suka daɗe suna riƙe da fannin, shi ne kuma ya tilasta wa marasa hali neman dabarun kauce wa tsadar.

Babbar dabarar ita ce a rage zane a ƙara murya. Zane ba ya numfashi, ba ya shessheƙa, ba ya in'ina, kuma duk abin da mai kallo ya ji na tsoro ko fushi ko shagwaɓa daga maƙogwaron wani mutum ya fito, wanda ya tsaya gaban makirfo da takarda a hannu. A Japan ana kiran mai wannan aiki seiyu, kuma sana'a ce mai makarantu da kamfanoni da ƙungiyar ma'aikata da lambobin yabo. A Nijar kuwa, duk da cewa tana cikin ƙasashen farko a Afirka ta kudu da Sahara da suka fitar da fim ɗin zane, hankalin masu nazari ya fi karkata ga hannun mai zane, aka bar bakin mai magana ba a ce masa komai ba.

Alassane da ɗakin aikinsa na Tawa

An haifi Moustapha Alassane a 1942, kuma kanikanci ya fara koya kafin silima ta ja shi. Tun yana yaro yakan yanka siffofi ya haska su da fitila don jama'a su kalli inuwarsu, wanda nuni ne da ba ya da wani sauti sai wanda mai nunin ya yi da bakinsa. A Yamai ya yi aiki a cibiyar bincike ta IFAN, wadda daga baya ta zama IRSH, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan masanin al'adu mai ɗaukar fim, wanda ya buɗe masa hanyar zuwa Kanada, ya ga yadda Norman McLaren ke aikin zane mai motsi a hukumar finafinan ƙasar. A 1962 ya fitar da Aouré da La Bague du roi Koda, a 1965 ya kammala La Mort de Gandji, zane ne a kan wata fadar kwaɗi, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar kuma ya fitar da Bon voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa da fareti da jerin gwano, habaici ne ga shagulgulan sababbin shugabannin Afirka wanda ba ya buƙatar tafinta. Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai har shekara 15, daga baya ya tare a Tawa ya buɗe otel, ya mayar da wasu ɗakunansa wurin zane da ɗaukar ƴan tsana, har ya kai ga aiki da kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015.

Wanda ya san yadda ake motsa ɗan tsana a fim zai gane dalilin da ya sa finafinan Alassane ba su cika dogara da hira tsakanin jarumai ba. Ana girke na'urar ɗaukar hoto wuri guda ba ta gusawa, mai aiki ya ɗaga hannun ɗan tsanan da kaurin ƙwayar hatsi, ya janye nasa hannun, ya ɗauki hoto ɗaya, ya dawo ya ƙara ɗagawa, kuma idan gwiwarsa ta bugi teburin ko hasken fitila ya sauya a tsakiya, aikin yinin ya lalace sai a sake daga farko. A cikin wannan wahala babu abin da ya kai daidaita baki da magana cin lokaci, domin sai an naɗi jimlar tukuna, a rarraba ta gaɓa-gaɓa, a ƙirga hoto nawa kowace gaɓa za ta ci, sannan a sauya siffar bakin a kan wannan ƙirga. Mai aiki shi kaɗai ko da mataimaka biyu ba zai iya wannan a kowane fim ba, sai ya koma ga abin da al'adarsa ta riga ta tanada, wato murya ɗaya da ke jan labarin daga sama, kiɗa na raka ta. Haka Samba le grand na 1977 ya tafi, fim ɗin ƴan tsana mai launi a kan jarumin da wata gimbiya ta ɗora wa sharuɗɗa kafin ta aure shi.

Fim ɗin da ya fi dacewa da wannan nazari, ko da yake ba na zane ba ne, shi ne Deela ou Albarka le conteur, wanda ya fito a wajajen 1970. An gina shi ne a kan Albarka Cibau, mai ba da labari da Hausa, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Tchibaou, kuma wanda gidan matasa da al'adu na Tawa ke ɗauke da sunansa. Abin lura a nan shi ne sunan mai muryar ya hau kan fim ɗin kansa, kafaɗa da kafaɗa da sunan tauraruwar labarin, abin da ko a Japan ba kasafai ake yi wa ɗan wasan murya ba. Alassane ya gane tun a lokacin cewa mai bakin shi ne jarin, kuma wannan fahimta ta riga duk wata muhawara da ake yi yau a kan haƙƙin mai murya.

Haka nan Kokoa, fim ɗin ƴan tsana da kwaɗi da hawainiya da sauran dabbobi ke kokawa a fili, ba a raba shi da garin da mai shi ya zauna. A Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ya lashe, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa ya san rabin abin da ke tsuma jama'a a kunne yake: kirarin da ɗan kokawa ke yi wa kansa, zugar makaɗa, ihun mai sanarwa, da shaƙiyancin cali-cali, wato masu barkwancin da ke kwaikwayon ƴan kokawa tsakanin karawa da karawa. Duk da haka Alassane bai bar wata runduna ta masu ɗora murya a bayansa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Finafinansa na zane gajeru ne, shekaru kan shiga tsakaninsu, masu kallonsu na farko kuma sau da yawa mahalarta bukukuwan silima ne a ƙasashen waje, alhali sana'a ba ta kafuwa sai da aikin da ke dawowa kowane mako.

Masako Nozawa da yadda Japan ta mayar da murya sana'a

Japan ma daga mai ba da labari guda ta faro. A zamanin silima marar sauti akwai benshi, mutumin da ke tsayawa gefen majigi yana bayani yana sauya murya ga kowane jarumi, har wasu ƴan kallo kan je don shi, ba don fim ɗin ba. A shekarun 1930 kuma kamishibai ya yaɗu, wato mai keke da ke yawo unguwa-unguwa da akwatin katako, yana zare hotuna ɗaya bayan ɗaya yana yi musu magana, yana sayar wa yara alewa. Rediyo ya fara aiki a 1925, a 1941 gidan rediyon ƙasa ya soma horar da ƴan wasan kwaikwayonsa na kansa, sai talabijin ya zo a 1953. Manyan kamfanonin silima, saboda tsoron kishiya, suka hana taurarinsu fitowa a talabijin, tashoshin suka cike lokacinsu da shirye-shiryen Amurka da ke buƙatar a ɗora musu Japananci, kuma waɗanda suka karɓi wannan aiki su ne ƴan wasan rediyo da ƴan ƙananan ƙungiyoyin wasan daɓe masu neman abin sakawa a bakin salati.

Cikinsu akwai Masako Nozawa, wadda aka haifa a Tokyo ranar 25 ga Oktoba 1936. Ta fara fitowa a fim tana ƴar shekara 3 ta hannun wata gwaggonta ƴar wasa, ta girma da burin wasan daɓe, kuma ɗora murya ya shigo rayuwarta ne a matsayin aikin gefe da ke tallafa wa ƙungiyarsu. A farkon lamarin kai tsaye ake ɗora muryar yayin da shirin ke tafiya a iska, babu damar gyara, kuma da yake muryar yaro namiji kan fashe idan ya balaga, ga shi doka ta taƙaita aikin yara da dare, sai aka riƙa ba mata manya rawar yara maza. Wannan larura ce ta zama al'ada, ita ce kuma ta zama ƙofar arzikin Nozawa.

Ranar 1 ga Janairu 1963 tashar Fuji ta fara nuna Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka, shirin zane na rabin awa a kowane mako, wanda ya kai kashi 193. Da lissafin da aka kawo a shimfiɗa, rabin awa a mako abu ne da ba zai yiwu ba, sai Tezuka ya rage zane zuwa kimanin 8 a daƙiƙa ko ƙasa da haka, ya riƙa tsayar da fuska cak yana motsa baki kawai tsakanin buɗewa da rufewa, yana maimaita zanen da aka riga aka yi amfani da shi. Matsalar da ta ci wa Alassane tuwo a ƙwarya ita ce ta Tezuka, sai dai shi ya rarraba nauyin ga ƴan wasa da yawa maimakon mai labari guda, kuma da yake fuskar ba ta motsi, dole muryar ta ɗauki duk abin da fuskar ta kasa nunawa. Daga nan ne salon ɗora murya na anime, wato zanen Japan mai motsi, ya samo zafinsa da yawan ihunsa. Nozawa ta yi ƙaramar rawa a Tetsuwan Atom, a 1968 ta samu rawar jaruminta na farko, Kitaro, wanda asalin labarinsa daga akwatin masu kamishibai ya fito, a 1978 ta zama Tetsuro a Galaxy Express 999.

A watan Fabrairu 1986 kamfanin Toei ya fara Dragon Ball, kuma marubucin labarin, Akira Toriyama, shi ya zaɓi muryarta daga cikin waɗanda aka gwada. Tana dab da cika shekara 50 ta zama Goku yaro, kuma da Goku ya girma ya yi aure ba a sauya ta ba, aka ƙara mata ƴaƴansa Gohan da Goten da mahaifinsa Bardock. Shirin farko ya kai kashi 153, Dragon Ball Z da ya biyo baya daga 1989 zuwa 1996 ya kai 291. Yadda ake naɗar irin wannan shiri ya cancanci a tsaya a kansa. Ana kiran tsarin afureko, wato ɗora murya bayan an yi zane: ƴan wasa goma ko fiye suna ɗaki ɗaya, makirfo uku ko huɗu ne a tsaye gaban allo, kowa na riƙe da littafin shirin a hannu ɗaya, idan layinsa ya matso ya tako ba tare da takalminsa ya yi ƙara ba, ya faɗa, ya ja da baya ya ba wani wuri, kuma ko shafi zai juya sai ya yi a hankali don kada makirfo ya ɗauka. Sau da yawa zanen bai ma kammala ba, zayyana ce kawai da alamar da ke nuna lokacin buɗe baki. A cikin wannan yanayi aka san Nozawa da yin uba da ɗansa a fage ɗaya, tana sauka daga wannan murya ta hau waccan a jere ba tare da an tsayar da naɗi ba. A 2017 kundin Guinness ya ba ta shaida biyu a kan daɗewa tana murya a wasannin bidiyo, kuma a Oktoba 2024, watanni bayan rasuwar Toriyama, ta sake zama Goku a Dragon Ball Daima tana dab da shekara 88.

Baiwa kaɗai ba ta isa ta bayyana wannan doguwar tafiya ba. A bayanta akwai kamfanonin da ke wakiltar ƴan wasa, irin su Aoni Production da aka kafa a 1969, akwai ƙungiyar ƴan wasan Japan da ke sasanta farashi da masu shirya finafinai, akwai kuma tsarin daraja wanda a ƙarƙashinsa ake biyan ɗan wasa a kan kowane kashi, ko layi ɗaya ya faɗa ko ɗari, sabon shiga yana farawa da yen 15,000. Sunan kowa yana fitowa a ƙarshen shiri daura da sunan wanda ya yi wa murya. Da aka fara sayar da tsofaffin shirye-shirye a kaset ba tare da ƙarin lada ba, ƴan wasa fiye da 300 suka kai wani kamfanin zane ƙara a 2000, suka yi nasara a kotun ƙoli a 2005. Tsarin yana da nasa aibin, domin makarantun horarwa suna yaye matasa fiye da yadda kasuwar za ta ɗauka, mafi yawansu kuma da wasu ayyukan suke ciyar da kansu, don haka ba abin a kwafo ɗungurungum ba ne. Abin ɗauka a cikinsa shi ne an san mai kowace murya, an kuma rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi.

Muryar da ke isa kunnen yaron Tawa

Yaron da ya kalli Dragon Ball a gidan kallo a Tawa ko Keita ko Buza, ko a tauraron ɗan'adam, ko a wayar da aka tura masa a kasuwa, da wuya a ce muryar Nozawa ya ji. Hanyar da anime ya bi zuwa Nijar ta Faransa ce, inda Goldorak ya buɗe ƙofa a 1978, Dragon Ball ya shiga shirin yara na Club Dorothée a 1988. A fassarar Faransanci Brigitte Lecordier ce ta yi Goku yaro, da ya girma kuma aka miƙa shi ga maza, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Patrick Borg. Ke nan jarumin da Bajapane ya sani da murya ɗaya tun yarinta har ya yi jika, Ba'adare ya san shi da murya fiye da ɗaya, kuma duk cikin harshen da ƙaramin yaro bai fara ji sosai ba sai ya yi nisa a lakwal. Abin da ya rage masa shi ne faɗa da ihu, zaren labarin kuwa sai wani babba a gefensa ya riƙa warware masa, wanda shi ma ɗora murya ne, sai dai ba a naɗa ba, ba a biya ba.

Inda Hausa ta shiga wannan sana'a da ƙarfi shi ne Kano, ta hanyar fassarar finafinan Indiya, wadda ɗakunan naɗi irin su Algaita suka yi suna da ita. A can mutane ƙalilan kan ɗauki muryoyi da yawa, suna cusa karin magana da ba'ar unguwa da ba su cikin asalin fim ɗin, kuma kasuwar da suka samu har cikin Nijar ta isa hujja cewa jama'a na son jin baƙon jarumi yana magana da harshensu. Finafinan Kano ma sun daɗe da raba fuska da murya a fagen waƙa, inda jaruma ke motsa baki mawaƙiya na rerawa, kuma ɗaya daga cikin fitattun waɗannan muryoyi, Fati Nijar, daga Maraɗi ta fito. Sai dai Hausar waɗannan fassarori Kananci ce. Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa littafi guda a 1991, yana da nasa kamannu, irin su munka da sunka a inda Bakano zai ce muka da suka, ko tahi a maimakon tafi, kuma idan irin wannan karin harshe ya fito a finafinan kudu, galibi a bakin baƙauye ake sa shi don a yi dariya. Yaron da bai taɓa jin jarumi na magana kamar kakarsa ba yana koyon wani darasi game da matsayin harshen gidansu, ko da ba wanda ya faɗa masa.

Jarin da ke ƙasa

Sauya murya don a zama wani ba baƙon abu ba ne a Adar. Tsohuwar da ke yi wa jikoki gatana da dare ita kaɗai ce Gizo da tsamin bakinsa, ita ce Ƙoƙi, ita ce kura mai kaurin murya da haɗama, ita ce Dodo, kuma ba ta taɓa cewa wane ne ke magana domin muryar ta riga ta faɗa. Wannan shi ne ainihin abin da Nozawa ke yi idan ta haɗa Goku da Gohan a fage guda, kuma mamakin da wasu ke yi cewa tsohuwa ce ke muryar yaro namiji bai kamata ya kama Bahaushe ba. Ga ƴan kama da ke kwaikwayon malamai da mawaƙa, ga sanƙira da maroƙa da suka san yadda ake jefa murya ta ratsa taro. Akwai ma bori, wanda Nicole Échard ta yi dogon bincike a kansa a Adar, inda kowane iska ke da muryarsa da salon maganarsa, ko da yake masu abin ba za su yarda a kira shi wasa ba, kuma takardar nan ba ta kira shi haka ba.

A ɓangaren zamani, rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, ya ɗauki sunan Muryar Sahel a 1974, kuma wasan kwaikwayon Hausa ya samu gindin zama a cikinsa da kuma a talabijin, musamman ta hannun ƙungiyar Damagaram da Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, wadda Janet Beik ta yi nazarinta a littafinta na 1987. Ƴan wasan irin wannan ƙungiya ba su dogara da rubutaccen layi ba, sukan amince a kan ƙashin labari ne kowa ya sa masa tsoka da bakinsa, wanda gwaninta ce babba, amma tana karo da buƙatar zane, inda jimla ke da adadin daƙiƙoƙin da ba za ta wuce ba. Wannan shi ne horon da ya rage a yi, kuma na watanni ne, ba na shekaru ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 gidajen rediyon karkara suka bazu a ƙasar, ga shi wayar hannu da ƙaramar kwamfuta sun isa a naɗi murya mai tsabta, a kuma yi irin zanen Tezuka mai tsayayyar fuska da motsin baki. A yankin da samari ke tafiya cin rani Abijan da Libiya da Najeriya, suna aiko da saƙon murya gida kullum, sauraro ya riga karatu isa ko'ina.

Abin da ya rage a yi

Aikin da ke dawowa kowane mako shi ne sharaɗin farko, kuma ba dole ne ya fara da zane ba: gajeren shirin gatana na minti 5 da Adaranci a gidan rediyo, da ƴan wasa huɗu ko biyar da ba a sauya su, zai iya tara muryoyin da daga baya za a yi wa zane, wato a bi hanyar da Japan ta bi daga rediyo zuwa allo. Amma shirin ba zai haifar da sana'a ba sai an ambaci sunan kowane mai murya tare da rawar da ya taka a ƙarshen kowane kashi, an kuma rubuta yarjejeniya, ko ta shafi ɗaya ce, da ke faɗin abin da za a biya shi idan an maimaita shirin ko an sayar da shi, wanda hurumi ne na hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Lamarin ya ƙara zama na gaggawa tun da na'urori suka fara kwaikwayon muryar mutum daga ɗan abin da aka naɗa, har a Oktoba 2024 wasu ƴan wasan murya na Japan suka fito da gangamin ƙin yin hakan ba da izini ba. Su suna da suna da ƙungiya da za su yi magana da ita, alhali muryar da ke yawo a waya ba tare da sunan mai ita ba, ba ta da wanda zai tsaya mata.

Maganar ajiya kuwa tana kan jami'a. Cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai suna riƙe da tsofaffin naɗe-naɗen adabin baka, Tawa kuma tana da jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda a 1975 ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ya kamata wannan jami'a, tare da gidan al'adu na Albarka Cibau, ta nemi kwafin finafinan Alassane ta ajiye a garin da ya zauna, ta bi diddigin waɗanda suka yi magana da kiɗa a cikinsu ta rubuta sunayensu, ta kuma tura ɗalibai ƙauyukan Keita da Tamaske da Kalfu su naɗi masu gatana da izininsu da cikakken sunansu tun suna raye.